Hadda da Ragowar Ido

Shekara ashirin da ɗaya na yi ina karanta wa matan cocinmu Littafi Mai Tsarki kafin idona ya fara ba ni matsala. Ƙauyenmu yana ƙasar Tudun Wada, idan aka sauka daga titi aka nufi wajen Doguwa. A cikin matan da muka tashi tare, ni kaɗai na wuce firamare, saboda haka duk ranar Talata da yamma idan matan zumuntar coci suka taru, ni ake miƙa wa littafi. Ba wanda ya naɗa ni, haka kawai abin ya zauna. Har sa'o'in mahaifiyata Malama suke ce mini, ni kuwa ina jin daɗin sunan fiye da yadda nake nunawa.

Sana'ata ɗinki, kuma a kan keken na fara lura. Sai in kai zare bakin allura, ina ganin kafar, in matsa kaɗan ta ɓace. Na ce gajiya ce. Na sayi tabarau a kasuwar Tudun Wada wajen wani mai baza su a tabarma, ya yi mini amfani kamar wata biyu, daga nan ya daina. Sai na fara karo da abubuwa ta gefen hagu. Turmi, bakin ƙofa, wata rana har ɗan akuya na taka a tsakar gida. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da na buɗe littafi a zumunta, na ga farkon kowane layi ya shafe, kamar an ɗiga wa takardar ruwa. Sai da na karkatar da kai na bi da idon dama kafin na gama karatun. Da na dawo gida na gaya wa maigidana. Da ya gama cin tuwo ya ce jibi za mu Kano.

Muka yi sammako, muka canja mota a Kwanar Dangora. A asibitin ido, ma'aikaciyar da ke rubuta sunaye ta hangi littafina a cikin jaka lokacin da nake ciro kati. Daga Hausarta na gane ba 'yar ƙasarmu ba ce. Ta dubi mayafina, ta dubi fuskata, ta ce, "Mama, ke Kirista ce? Amma ai Bahaushiya ce ke."

Na ce mata, "Duka biyun."

Tun ina yarinya nake amsa wannan tambaya, har na daina jin zafinta.

Likitan yaro ne sa'an ɗana na fari. Ya rufe mini idon dama da tafin hannunsa ya ce in faɗi abin da nake gani. Ban ga komai ba sai maɓallin rigarsa guda ɗaya, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Ban san haka idon hagun ya lalace ba, ashe na daman ne ke rufa masa asiri. Ya yi aune-aunensa, sannan ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a hankali. Wadda ta mutu ba ta dawowa. Na daman ma ya fara taɓuwa. Ya rubuta mini maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce ba ranar dainawa.

Na ce, "Likita, makancewa zan yi?"

Ya ce, "Mama, ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Za mu yi ƙoƙari mu tsare abin da ya rage."

A mota muna dawowa, bayan mun wuce gonakin noman rani na wajen Bebeji, na rufe idona don in ji yadda abin zai kasance. Sai wani tunani ya faɗo mini: bari in ga abin da ke kaina na Littafi. Na fara lalube. Na sami addu'ar da kowane yaro ya iya. Na sami ayoyi kamar bakwai da muka haddace a makarantar Lahadi muna yara, biyu daga ciki ma ban tabbata da ƙarshensu ba. Sauran duk gutsattsari ne, rabin jimla a nan, kalma uku a can. Na san labaran, na san inda suke, ina iya gaya maka a wane gefen shafi wata aya take. Amma kalmomin kansu ba su zauna ba. Shekara ashirin da ɗaya suna bi ta bakina suna wucewa, ban tsare ko kaɗan ba, don kullum littafin yana hannuna. Gumi ya keto mini. Maigida ya ce ko ya sa direba ya tsaya, na ce a'a.

Ya kamata in faɗi abin da ya sa wannan ya fi makantar kanta tsorata ni a ranar. Kakana bamaguje ne, ya rayu ya mutu a kan al'adar iyayensa. Mahaifina ne ya karɓi bishara yana magidanci, ya koyi karatu da gemunsa don ya karanta Littafi da kansa. Da zai rasu, 'yan'uwana maza suka sami gona, ni ya ba ni littafinsa. Mu da maƙwabtanmu Musulmi harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, suturarmu ɗaya, gaisuwarmu ɗaya. In aka yi rasuwa muna zuwa musu, suna zuwa mana. Duk lokacin da wani ya dube ni ya ce ai Bahaushe ba ya zama Kirista, ba na gardama, don na san abin da ke cikin jakata. To, idan ido ya tafi, jakar me za ta yi mini? Na ga kaina tsohuwa, makauniya, zaune a bakin ɗaki, ba abin da ya rage mini na bangaskiyar mahaifina sai suna.

Na roƙi maigida kada ya gaya wa kowa. Na san garinmu. Wasu za su ce jifa ne, wasu su fara kawo mini saiwoyi, wasu su riƙa yi mini magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Amma gaskiyar ita ce ba na so a karɓe littafin daga hannuna. Ya ce, "Ba na son ɓoye-ɓoye a cikin jama'ar Allah." Na ce na ɗan lokaci ne. Ya yi shiru, na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Washegari na fara hadda, kuma na fara ta da haɗama. Ina gama shara sai in ɗauki littafi in zauna inda rana ta fi haske, in ce yau sai na haddace sura guda. In yi ta maimaitawa har kaina ya ɗau zafi, idon ya riƙa zubar da ruwa. Da yamma in ji kamar ta zauna. Da safe in nema in tarar ba komai, sai ayar farko da ta ƙarshe. Ɗinkin mutane ya taru. Kowace safiya kafin in sauko daga gado sai in rufe idon hagu in dubi rufin ɗaki, ina ƙirga azara, ko adadinsu ya ragu daga na jiya.

Ɗana da ke aiki a Zariya, wanda ubansa ya kasa ɓoye masa, ya aiko mini da ɗan kati na saka wa a waya, an karanta Littafin duka a ciki. Na yi murna ƙwarai. Amma da na kunna sai na ji sabuwar fassara ce, kalmomin ba su zo daidai da na littafin mahaifina ba. Ma'ana ɗaya, amma in na ji wannan na karanta wancan sai su cakuɗe mini, in rasa duka. Kuma mai karatun ba ya jira na. Ga caji, sai an kai wayar bakin titi. Na ajiye shi don ranar da ba ni da wata dabara, raina kuwa yana gaya mini ranar tana tafe.

Akwai wata ƙawata mai sayar da bandar kifi, tana biyowa ta gidanmu duk mako in za ta kasuwa. Musulma ce, iyayenta suna cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan Tiga ya cinye garinsu, mijinta masunci ne. Ni nake yi mata ɗinkin salla shekara da shekaru. Ran nan ta yi sallama har sau uku ban ji ba, ta shigo ta same ni ina ta ƙunƙuni, littafi kusan a kan hancina.

Ta ce, "Malama, lafiya? Jarrabawa za a yi muku a cocin?"

Ban san abin da ya sa ba, ita na fara gaya wa. Wataƙila don na san ba ta zuwa zumunta. Ta sauke kwandonta ta zauna, ta yi mini jaje sosai, ta ce Allah ya tsare ragowar. Sannan ta tambaye ni nawa nake ɗauka a rana. Na ce sura guda. Sai ta kama haɓa.

Ta ce, "Ai ko yaro mai sabon kai ba a ɗora masa haka. Ni sai da na haura arba'in na shiga Islamiyyar matan aure, na san wahalar kan babba. Malaminmu aya biyu yake ba mu, in ta yi tsawo ɗaya. Kuma ba za ki ɗauki sabo ba sai kin biya na baya tun daga farko, kullum. Na bayan shi ne ke guduwa."

Na ce, "Hajiya, ni ba ni da lokacin aya biyu."

Ta ce, "To, surar da kike ɗauka ɗin, nawa kika tara?"

Na ce ko ɗaya. Ta ce in daina yi a zuci, in riƙa ɗaga murya kunnena ya ji. In riƙa yi ina aiki, ba sai na zauna ba. Kuma lallai in sami wanda zan riƙa biya wa, don mai hadda shi kaɗai ba ya jin kuskurensa. Na karɓi biyun farko, na ukun na bar shi, don neman mai saurare yana nufin in tona kaina.

Dabarar ta yi aiki, sai dai ni na karkatar da ita wata hanya. Matar fastonmu ita ke shugabantar zumunta, ita ke zaɓar inda za a karanta. Na fara zuwa wajenta tun ranar Laraba in tambayi karatun Talata mai zuwa, na ce ina so in riƙa shiri. Ta yaba mini har a gaban mata. In dawo gida in raba ayoyin kwana shida, ina taka keke ina faɗa, ina tankaɗe ina faɗa. Ranar Talata in miƙe, in buɗe littafi, in sunkuyar da kai kamar mai karatu, in zubo abin da na haddace. Mako biyar ina haka. Ba Talatar da na iya cin abincin rana. Ina tsaye ina roƙon Allah kada matar fasto ta ce in ƙara aya ɗaya a gaba. Kuma na san abin da nake yi ƙarya ce, ko da kowace kalma da na faɗa gaskiya ce. Maigida ya daina tambayata yadda zumunta ta kasance.

Bayan an karye masara, sai aka ce taron matan yankinmu a cocinmu za a yi, har da na ƙauyukan wajen Doguwa. Aka ba ni karatun buɗe taro, zaburar nan ta mai duban duwatsu yana tambayar inda taimakonsa zai fito. Gajeriya ce, aya takwas. Na haddace ta har ina iya faɗinta ina lissafin awon riga.

Ranar taron coci ya cika, mata har a bakin tagogi sun tare haske, ga hadari ya haɗo. An ɗauko lasifika haya daga Tudun Wada. Aka kira ni, na fita, na buɗe littafi. Aya ta farko ta fito lafiya, ta biyu, ta uku. Ina shiga ta huɗu lasifikar ta yi wata irin ƙara mai tsinka kunne, yara suka fashe da kuka, wata ta taso ta gyara waya. Da aka yi shiru, na buɗe baki in ci gaba, sai na tarar ba komai. Ban san inda na tsaya ba, ban san abin da ke gaba ba. Na duba littafin da gaske, karo na farko cikin makonni, na ga shafin toka-toka, baƙaƙen kamar tururuwa a cikin ruwa. Na matso da shi, na nisanta shi. Ina jin numfashin mutane. Wata daga cikin baƙi ta ce a hankali, "A ba ta haske mana."

Sai na ji murya daga can baya, wajen da tsofaffi ke zama a tabarma saboda ƙafa. Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura tamanin, ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya ganewa a takarda. Ta faɗi kalmomin da suka biyo bayan inda na tsaya, a hankali, ba ta ɗaga murya sosai ba. Na cafke na maimaita a lasifika. Na sake tsayawa, ta sake ba ni. Kafin mu kai aya ta shida, wasu tsofaffin biyu ko uku sun sa baki, suna faɗa tare da ita. Haka muka kai ƙarshe, su a gaba ni a baya. Aka ce amin. Baƙi sun ɗauka tsari ne muka shirya, har wata ta ce za su koya a cocinsu. Ni kuwa na koma na zauna, ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba. Ana tashi na bi ta bayan coci na gudu gida, ban tsaya rabon abinci ba.

Washegari da hantsi Gwaggo ta shigo tana dogara sandarta. Na durƙusa na gaishe ta, na shimfiɗa mata tabarma, na kawo kunu. Ta sha, ta goge baki, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, tun yaushe idon?"

Na ce, "Wane ido, Gwaggo?"

Ta ce, "Kada ki maishe ni yarinya. Tun kina budurwa da yatsa kike bin layi. Yau wajen wata biyu yatsan nan bai taɓa takarda ba. Ran nan kuma kin yi karatu mai tsawo ba ki juya shafi ba, alhali na san a wurin nan kina juyawa."

Na fashe da kuka, na gaya mata komai, har abin da likita ya ce. Ta bar ni na yi mai isata. Da na natsu na tambaye ta abin da ya hana ni sukuni tun jiya. Na ce, "Gwaggo, a ina kika sami zaburar nan?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ta ce, "A bakinki mana, da na ubanki kafin ke. A ina kuma? Mu da ba mu da idon takarda, in aka karanta ba mu kama ba, shi ke nan ya wuce mu sai wata shekara. Ran Talata nake ɗauka, in tafi da shi gona, in yi ta juya shi har Lahadi. Abin da ya zube, in kin sake karantawa baɗi in tsince. Ubanki ma haka ya yi shekara huɗu kafin ya iya baƙi."

Na ce, "Nawa kika iya?"

Ta ce, "Wa ya ƙirga?"

Daga nan ta ɗaure fuska. Ta ce Talata mai zuwa zan tashi in gaya wa mata da bakina, in ban faɗa ba ita za ta faɗa. Ta ce ciwo ba abin kunya ba ne, amma tsayawa gaban Allah da littafi a buɗe ana yi kamar ana karatu, wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Wannan magana ta yi mini zafi, har yanzu in na tuna sai in ji ta.

Na faɗa. Ban iya ɗaga kai ba har na gama. Wasu suka yi kuka, wata ta ce akwai mai magani a wajen Kiru, wata ta ce dama ta lura. Matar fasto ta rungume ni, aka yi mini addu'a mai tsawo. Sannan, kamar yadda na ji tsoro, ta ce daga yau wata amarya da aka kawo garinmu bara, wadda ta gama sakandare, ita za ta riƙa karatu. Daidai ne, ba abin da zan ce. Amma da na ga littafin zumunta a hannun yarinyar, tana karatu da sauri tana haɗiye ƙarshen kalmomi, sai da na danne zuciyata. Na koma tabarmar baya kusa da Gwaggo. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba ina gaba: leɓunan tsofaffin nan duk motsi suke yi, suna bin karatun.

Tun daga makon nan na fara zuwa gidan Gwaggo kullum da safe. Lokacin ɓarar gyaɗa ne, sai mu sa kwarya a tsakiya, hannu yana aiki baki yana aiki. Ta faɗi aya, in maimaita, ta sake faɗa. In na yi kuskure ba ta cewa komai, sai ta ƙwanƙwasa kwaryar da ɗan yatsa. Ba ta san lambar sura ko ta aya ba, da abin da ke ciki take kiran kowace: ta makiyayi, ta duwatsu, ta mai shuka, ta ƙauna. Wani lokaci takan ɗauko kan wata zabura ta haɗa da jelar wata ba ta sani ba. Shi ya sa da rana in maigida ya dawo daga gona, sai in biya masa yana riƙe da littafin mahaifina. In ya ce ba haka yake a rubuce ba, washegari in gaya wa Gwaggo, ita kuma ta ce, "Je ki ce masa ya sake dubawa, tun ba a haife shi ba nake faɗinta haka." Sau biyu aka duba aka tarar ita ce da gaskiya, shi ne ya tsallake layi. Ba ta bar shi ya manta ba.

Sai dai hankalina bai kwanta ba, damuwar ce kawai ta sauya wuri. Gwaggo tana tari tun damina, wasu ranakun muryarta ba ta fita sai na kai kunne. Na shiga lissafin da ba na so: idona ne zai riga tafiya ko ita? In na ce mu ƙara aya biyu, sai ta ce ta gaji, gobe. Ni kuwa kalmar gobe ta zame mini abin tsoro. Wata safiya na matsa mata har ta yi fushi, ta ce, "Ke kina so ki kwashe na shekara hamsin a wata ɗaya? Abin da Allah ya ba ki ki riƙe shi da kyau, ya ishe ki." Na ba ta haƙuri, amma a hanyar gida ina ta ƙirga abin da ban samu ba tukuna.

Da muka koma asibiti bayan wata huɗu, likita ya auna ya sake aunawa, ya ce maganin bai sauke hawan yadda yake so ba. Sai an yi wa idon dama aiki. Ya ce aikin ba zai ƙara mini gani ba, tsare ragowar kawai ake nema, kuma kowane aiki yana da hatsarinsa. Wato idon da nake gani da shi, shi za a taɓa. Na dubi maigida, shi ma ni yake kallo. Muka sa hannu.

Da safe aka yi aikin. Kafin azahar ina kwance a ɗakin mata, an rufe idon dama da auduga da filasta, na hagun kuwa ba ya nuna mini komai sai ɗan ɗigon haske. Ba a bar maza su zauna ba, maigida yana waje. Abin da na yi wata da watanni ina tsoro, ga shi na shiga cikinsa tsakar rana. Ina jin takun mutane, ƙarar faranti, wata tsohuwa a gadon kusa tana jan carbi. Zuciyata ta riƙa bugawa har ina jin ta a cikin idon. Na ce to, bari in gwada.

Na fara da ta makiyayi, ta fito duka. Na shiga ta duwatsu, na wuce aya ta huɗu lafiya. Na kama wata doguwa da muka gama da Gwaggo makon da ya wuce, na kai tsakiya, ta tsaya. Na koma farko, na sake zuwa wurin, ta sake tsayawa. Tsoro ya taso mini kamar ranar taro, ga shi ba wanda zai ba ni. Can na ce a raina, ba lasifika, ba mai jira na. Na tsallake wurin na kama daga inda na iya, na kai ƙarshe, na shiga ta gaba. Da na ƙare duk abin da nake da shi, na koma farko. Ban ce tsoron ya tafi ba, yana nan, amma na sami abin yi a cikinsa, kuma kalmomin da muryar Gwaggo suke zuwa mini, har da inda take tsayawa ta yi tari. Tsohuwar gadon kusa ta ce, "Baiwar Allah, ke ma addu'a kike?" Na ce eh. Ta ce Allah ya karɓa mana, na ce amin.

Washegari aka cire audugar. Da farko hazo kawai na gani, na riƙe ƙarfen gado da hannu biyu. A hankali fuskar likita ta fito, sannan taga. Bayan mako biyu ya ce hawan ya sauka. Na tambaye shi ko shi ke nan, ya ce sai dai mu ci gaba da dubawa.

Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. Ina ganin hanya, ina gane fuska in mutum ya matso, ina dafa abincina. Ɗinki na bar shi, sai dai in yanka wa wata ta ɗinka. Ƙananan baƙaƙe sun fi ƙarfina ko da rana tsaka. Ina da zabura goma sha ɗaya da surori uku a kaina, da ayoyi warwatse da ban ƙirga ba. Ba su da yawa, kuma in na yi kwana biyu ban biya ba sai in tarar wata ta fara zubewa, shi ya sa ba na fashi. Gwaggo ba ta fita yanzu, ko coci sai an ɗauke ta a mashin, amma kanta garau. Muna kan wata doguwar sura, mun yi mako uku a ayoyi goma na farko, don tana gajiya da wuri, ni ma kaina ba ya ɗauka kamar da.

Wata mai kamawa za mu koma Kano a sake auna idon. Maigida ya ce mu kwana a gidan ƙanwarsa a Kwanar Dangora don mu sami motar farko, na ce sai na tambayi Gwaggo ko za ta yarda in yi fashin kwana biyu.